Mashin da ke lanƙwasa a rundunar Pabiya

Ka tambaye ni dalilin da ya sa masun 'yan ƙananan sojojin wasanka na Lanskenet, sojojin hayar Jamus da kake shiryawa don yaƙin Pabiya na 1525, suke lanƙwasa, fentin kuma yana ɓarewa tun kafin a kai su teburin wasan yaƙi. To yaro, laifin ba na hannunka ba ne kaɗai. Mashin da ake zubawa tare da sojan ƙarfe ne mai laushi, ko ɗaukarsa ka yi sau biyu sai ya karkace.

Yanke shi ka yar. Nemo wayar ƙarfe mai kaurin milimita 0.8 zuwa 1. Mashin gaske yakan kai mita biyar, don haka ga soja mai tsayin milimita 28, ka yanka wayar milimita 90 zuwa 100. Ka ɗora bakinta a kan maƙera, ka buga da ƙaramar guduma sau biyu ya baje, sannan ka gyara da magagari ya yi kamar ganye. Kada ka sa shi ya yi tsini sosai, in ba haka ba duk wanda ya miƙa hannu kan tebur sai ya ga jini. Ka huda dunƙulen hannun sojan da siririn mahuji mai kaurin wayar, ka zura, ka ɗiga sufagulu kaɗan. In ka cika gam, zai bar farin tabo.

Batun ɓarewar fenti kuwa, maiƙon da ake shafa wa abin da ake zuba narkakken ƙarfen a ciki ne ya rage a jiki. Ka wanke kowane soja da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon burushin haƙori, ya bushe sarai, sannan ka fesa farar shimfiɗa siririya, wato fentin farko da sauran launuka za su hau kai. Fara nake so a nan, domin tufafin Lanskenet masu tsage-tsage ne, ja da rawaya da shuɗi, kuma rawaya a kan baƙi sai ka shafa sau huɗu ba ta fito ba. Sai dai ƙungiyar nan ta Baƙaƙe da ta yi yaƙi a ɓangaren Sarki Faransuwa na Faransa, wadda aka kusa gamawa da ita ranar 24 ga Fabrairu, su kam baƙar shimfiɗa ta fi dacewa da su.

Ka jera huɗu-huɗu a kan gindi, wato ɗan farantin da suke tsayawa a kai, mai milimita 40 kowane gefe. Sahun gaba kaɗai za ka kwantar wa da mashi, na baya su tsaya tsaye, don in runduna biyu suka haɗu gindinsu ya taɓa juna ba tare da masu sun harɗe ba. Man rufi mara ƙyalli, wanda ke kare fenti, shi ne na ƙarshe, kuma kada ka fesa shi ranar da iska ke da laima, zai yi fari kamar hazo a kan duk aikinka.