Na nemi likitanci aka ba ni fiziks, ga kari-oba biyu: in ci gaba ko in sake JAMB?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Jahun, yanzu na shiga aji biyu a jami'a. Likitanci na cike, aka ba ni fiziks. Na gama shekarar farko da CGPA 1.9, da kari-oba biyu, duka a lissafi. Ina karatu har tsakar dare amma in na shiga jarrabawa sai in ga kamar ban taɓa ganin tambayoyin ba. Baba kuma duk hutu sai ya tambaye ni wane aiki ake samu da wannan karatu, ni kuwa ban da koyarwa ba ni da amsa. In haƙura in ci gaba, ko in koma in sake JAMB?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi albarka. Bari mu fara da makin, domin shi ke hana ka barci. A ma'aunin maki 5 da yawancin jami'o'inmu ke amfani da shi, digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, 2:1 daga 3.50, 2:2 daga 2.40. Mu ɗauka nauyin kwasa-kwasan kowace shekara ɗaya ne. In ka riƙe 3.5 a shekaru ukun da suka rage, za ka fita da kusan 3.1, wato 2:2 mai kauri, wadda jami'o'i da yawa ke karɓa a digiri na biyu. In kuwa 2:1 kake so, sai ka riƙe sama da 4.0 kaɗan har ƙarshe. Da wuya, amma ana yi. Sauya kwas a cikin jami'a zuwa likitanci da 1.9 kuwa, cire shi daga ranka, masu maki mai yawa ma rububi suke yi. Sake JAMB yana nufin zubar da shekara biyu da kuɗin gumin gona, a kan gurbin da ba ka da tabbacin samu. Ni dai ban ba ka wannan shawara ba.

Ka lura da inda ka faɗi: lissafi, sau biyu. A nan ciwon yake. Yaran da suka fito daga sakandaren karkara da yawa ba su sami malamin lissafi tsayayye ba, ballantana a koya musu kalkulas kafin su zo. Malamin aji ɗaya kuwa yana gudu ne bisa zaton kowa ya iya. Daga aji biyu komai na fiziks a kan wannan lissafi yake zaune: motsin abubuwa, zafi, lantarki da maganaɗisu, har kwantam, wato fiziks ɗin ƙwayoyin zarra, da za ka tarar a gaba. In ba ka gyara shi bana ba, baɗi ciwon zai ninka.

Sai yadda kake karatun. Ina kyautata zaton hadda kake yi: ka buɗe handawut, ka bi misalin da malam ya warware, ka gyaɗa kai ka ce ka gane. Wannan kallo ne, kamar mai tsayawa bakin gona yana kallon ana huɗa. Ka rufe amsar, ka ɗauki biro da farar takarda, ka warware da kanka. In ka maƙale, ka yi minti ashirin kana kokawa kafin ka leƙa, in ka leƙa kuma layi ɗaya kawai, ka sake rufewa. Tambaya biyar a rana ta wannan hanya ta fi kwana a aji kana maimaita shafi. Kafin ka taɓa kowace dabara, zana hoton abin: ga dutsen, ga igiyar, ga inda ƙarfi ke ja. In ka gama, duba ma'aunin amsarka. Wanda aka tambaye shi gudu ya fito da amsa a kilogiram ya san ya ɓata tun kafin malami ya gani.

Kada ka ji kunyar komawa littafin lissafin sakandare, ka gyara aljabara da lissafin kusurwoyi. Ku haɗu ku uku ko huɗu, kowa ya tashi kan allo ya yi wa saura bayani, da Hausa ma in ta kama, domin abin da ka kasa faɗa da Hausa yawanci ba ka gane shi da Turanci ba. Ka nemi tambayoyin shekarun baya. Ka je wurin kodinetan ajinku kafin rajista, kada ka ɗora kari-oba a kan kaya mai nauyi ka sake faɗuwa. Makin gwaji da na aikin ɗakin gwaje-gwaje su ne mafi arha a jami'a, kuma su ɗalibai suka fi wasa da su.

Yanzu amsar Baba. Ka fara masa da ruwa, abin da ya sani. A kudancin Kano da wajen Dutse da Birnin Kudu, ƙarƙashin ƙasa dutse ne, ruwa yana maƙalewa ne a inda dutsen ya rube ko ya tsage. Shi ya sa wani zai haƙa burtsatse ya sami ruwa, maƙwabcinsa ya kashe kuɗi ya tarar da ƙura. Wajen Haɗeja kuwa shimfiɗar yashi da laka ce ta kwarin Chadi, lamarin ya fi sauƙi. Mutanen da ake kira su auna wuri kafin a kawo injin haƙa, fiziks suke yi. Suna kafa ƙarafa huɗu a jere, na gefe biyu su tura lantarki cikin ƙasa, na tsakiya biyu su auna, ana ƙara tazarar na gefen don a leƙa zurfi. Dutse mai ƙwari yana hana lantarki wucewa, rubabben dutse mai ruwa yana barinsa. Dokar Ohm ce, mai bayyana yadda abu ke tare lantarki ko barinsa ya wuce, da ka karanta a aji ɗaya. Gwanintar tana wajen fassara, domin laka ma tana barin lantarki ya wuce, ta yaudari wanda bai ƙware ba ya sa a haƙa inda ba ruwan kirki. Masu digirin fiziks suna shiga wannan fanni na jiyofiziks a digiri na biyu.

Sai sola, wadda yanzu ta shiga gonakin rani daga Kura har fadamar Haɗeja. Masu haɗawa sun yi yawa, masu lissafawa ne kaɗan. Kayan da ke cin wat 1,200 a kan bolt 12 suna jan amfiya 100, a kan bolt 48 kuwa amfiya 25 kacal. Asarar da ke tafiya a zafin waya tana bin amfiya ne sau kanta, don haka a waya iri ɗaya ta farkon ta ninka ta biyun sau 16. Wanda ya san wannan, ya san dalilin da ya sa ake fuskantar da faifan sola kudu a karkace kaɗan, ya san abin da ƙurar hunturu da zafin bazara ke rage masa, ba zai ƙona wa manomi batir ba, kuma shi za a riƙa nema.

Akwai na ofis ma. A Zariya akwai cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello, mai riƙe da ƙaramin injin nukiliya na bincike da ya fara aiki a 2004. Akwai hukumar NNRA mai sa ido kan kayan da ke fitar da tururin nukiliya, da NiMet ta hasashen yanayi, da NASRDA ta sararin samaniya. Tunda zuciyarka na asibiti, ka sani a sashen gashin ciwon daji, masanin fiziks ne ke lissafa adadin hasken da zai shiga jikin majiyyaci, ya kuma tabbatar injin bai kauce ba. Wannan sai da digiri na biyu a fiziks ɗin asibiti. Guraben gwamnati kaɗan ne, kada in yi maka daɗin baki. Masu maki mai kyau kuma suna neman difloma ta shekara ɗaya a cibiyar ICTP da ke Triyeste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964 don masana daga ƙasashe irin namu. Koyarwar da kake rainawa ma, da PGDE, wato difloma ta koyarwa bayan digiri, da rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista, sana'a ce, kuma ka fi ni sanin yadda makarantarku ta rasa malamin.

Digirin shi kaɗai ba ya kai mutum ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai ya haɗa da aikin hannu. In lokacin SIWES ya zo, wato fita koyon aiki a waje da ɗalibai ke yi, kada ka nemi inda za a sa maka hannu a littafi kana kwance a gida. Nemi masu auna burtsatse ko masu haɗa sola, ka ɗauki waya da guduma ka bi su rana. Ka koyi Excel sosai, ka fara Python, wato harshen rubuta manhajar kwamfuta, ko da a kwamfutar aro ce, kuma ka zaɓi furojet ɗin aji huɗu a fannin da ka yi SIWES ɗin. Ka ba lissafin zango biyu ta hanyar da na faɗa, sannan ka sake rubuto min da sakamakon, mu duba tare.