Ceph ta ƙi haɗuwa: in kashe cephx da fayawol?

Tambaya: Malam, na haɗa sabobi uku da Ceph, manhajar da ke ajiye bayanai a kan sabobi da yawa. Ping, gwajin ko saba na amsawa, yana tafiya lafiya, amma in na buga ceph -s don ganin halin da ake ciki sai ya tsaya cak, can ya fito da lambar kuskure errno 110. Wani ya ce in kashe fayawol da cephx, komai zai daidaita. Jibi za a fara zuba bayanan wurin aikinmu, hankalina a tashe yake.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, amma kada ka taɓa cephx, makullin da Ceph ke tantance mai shiga da shi. Lambar 110 na nufin an ƙwanƙwasa ƙofa ba a amsa ba har lokaci ya ƙare. Da makulli ne matsalar, 13 za ka gani, wato an hana ka shiga. Ping kuwa ba ya gaya maka ko ƙofar TCP a buɗe take. Daga wata sabar gwada nc -zv a kan ƙofofi 3300 da 6789 na monita, wato mai lura da halin Ceph baki ɗaya, sannan ka tabbata na OSD, masu riƙe da bayanan a faifai, daga 6800 zuwa sama, a buɗe suke. A firewalld, manhajar sarrafa fayawol, ƙara ceph-mon da ceph kawai ya isa. Duba kuma a saitin Ceph ko adireshin da ke mon_host yana cikin public_network.

In ƙofofi lafiya, sai MTU, wato iyakar girman saƙon da ke iya wucewa a lokaci guda. Saba ɗaya a 9000, suwici a 1500: ƙaramin saƙo ya wuce, babba ya maƙale. Gwada ping -M do -s 8972. Ka leƙa chrony ma, mai daidaita agogon sabobi, don monitoci kan fara ƙorafi in agogonsu ya saɓa da fiye da daƙiƙa 0.05.

To, mai ba ka shawarar nan. Kusan kullum sai na ji ta, har na gaji. Mutum ya rubuta none a auth_cluster_required da 'yan'uwansa, wato ya kashe cephx, ya ce "na ɗan lokaci ne", shekara ta zagayo yana nan yadda yake. Ai duk kwamfutar da ta iso wannan layin ta zama mai gida, ta karanta, ta goge, ba mai tambayarta. Kwafi uku na bayanan da Ceph ke ajiyewa, da kake taƙama da su, ba za su cece ka ba, don umarnin gogewa kan ukun yake sauka. Kuma abin haushi, cire makulli bai taɓa buɗe hanyar da ta toshe ba: 110 ɗinka na nan daram. Bayanan mutane amana ce a hannunka. Sai aƙalla monita biyu cikin uku sun ga juna Ceph ke aiki; in hakan bai samu ba kafin jibi, ka ce a ɗaga ranar.