Tambaya da Amsa: Me ke kashe halittu idan dutse ya yi aman wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a firamare. Wani ɗalibina ya tambaye ni abin da ke samun dabbobi da itatuwa idan dutse ya yi aman wuta, sai na ce masa wuta ce ke cinye su. Har yanzu amsar ba ta kwanta min ba. Daga wata malama.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da kika faɗa masa gaskiya ne, sai dai akwai sauran magana. Narkakken dutsen nan ja-wur da ake nunawa a hotuna yawanci a hankali yake gangarowa, mutum da dabba kan samu su tsere, itace da gona ne ba su da ƙafar gudu. Ni abin da ya fi tsorata ni shi ne toka da iska mai guba.

A 1783 ƙasa ta tsage a Laki da ke Iceland, ta yi wata takwas tana fitar da narkakken dutse da hayaƙi. Sinadarin fuloraid mai guba da ke cikin hayaƙin ya sauka kan ciyawa, tumaki da shanu da dawakai suka ci, haƙora da ƙasusuwansu suka lalace, suka yi ta faɗuwa. Fiye da rabin dabbobin ƙasar suka mutu, yunwa ta biyo baya ta kashe kusan mutum ɗaya cikin biyar. Galibinsu ko kusa da wutar ba su je ba. Duk sanda na karanta wannan tarihin, makiyayin da ke kallon garkensa na ƙarewa bai san dalili ba ne ke tsaya min a rai.

Wani lokaci ma babu wutar sam. Tafkin Nyos na Kamaru yana cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta. A daren 21 ga Agusta, 1986, iskar kabon da ta taru a ƙarƙashin ruwan ta ɓalle. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwaruruka ta shaƙe mutane sama da 1,700 da dabbobi kusan 3,500, da yawa suna barci.

Ɓarnar kan kai nesa ma. Bayan fashewar dutsen Tambora a Indonesiya a 1815, hazon sinadarin farar wuta da ya fitar ya rage hasken rana, amfanin gona ya lalace a Turai da arewacin Amurka a 1816.

Amma ki ƙara wa yaron wannan. Toka idan ta daɗe ta ruɓe, takan zama ƙasa mai albarka, shi ya sa manoman tsibirin Java ke noma a gindin irin waɗannan duwatsu. A Amurka kuwa, dutsen St. Helens ya fashe ranar 18 ga Mayu, 1980, ya kwantar da daji kamar an yi sassabe. Sai ga wasu ƙananan dabbobi dangin ɓera da ke kwance a ramuka sun tsira. Suna tono suna gauraya tsohuwar ƙasa da sabuwar toka, iri ya samu wurin kamawa. Cikin tsiron da suka fara leƙowa a filin tokar akwai wani ɗan fure dangin wake, wanda saiwarsa ke ƙara wa ƙasa taki, sauran ciyayi suka tsiro a gefensa.