Amsa kan waƙoƙin maƙiya da munafukai

Salamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na ji muryarka, kana cewa mawaƙan yanzu ba su da wata magana sai maƙiya da munafukai, wai basira ta ƙare musu. Ni dai na san inda ka nufa, so kake ka ce yaran zamani sunka ƙago abin. A'a wallahi. Kai ba ka taɓa jin mata wajen daka ba? Uwargida tana luguden taɓarya tana waƙa, ba ta ambaci sunan kowa ba, amma amarya daga cikin ɗaki ta san da ita ake. Habaici ke nan. In an fito da mutum fili ana muzanta shi, zambo ne, aikin makaɗan fada, su kambama sarkinsu su tsiyata ɗan sarkin da ke neman gadon. Ko gasar waƙa ta Ɗan Gurmu da ake yi nan garin Tawa, ka saurari baitocin da kyau.

Dalili kuwa, munafuki ba baƙo ba ne. Maƙwabcinka ne, ko suruki, ko wanda kuke shan shayi fada guda. Ka tare shi gaba da gaba, a ce kai ne mai ɓata zumunci. To sai waƙa ta faɗa maka. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Ko da yake tsaya, ba duka ba. Wasu sun iya jimiri. Wanga mutum da na taɓa ba ku labari, ba ni faɗin suna, wanda munka yi harkar albasar Galmi tare. Kullum "yayana, yayana", har hannu biyu yake ba ni. Ashe shi ya bi ta bayana ya gaya wa mai sayen kayanmu na Abijan wai ina cusa ruɓaɓɓa a gindin buhu. Ni! Ranar bikin ɗiyata maroƙi ya ɗauko baitin Musa a baki Fir'auna a zuci, ina kallo, shi ya fara tashi. Ya zaro jika biyar sabuwa fil ya manna wa makaɗi a goshi, yana murmushi yana gyaɗa kai, wai shi ma an taɓa mishi inda ke ciwo. Har yau buhunan nan... a bar maganar dai.

Su 'yan rap na Yamai kuwa, bayan taron ƙasa na 1991 da baki ya buɗe, gidajen rediyo masu zaman kansu sunka yawaita, sai sunka maida abin kan 'yan siyasa, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Mai rabon shinkafa lokacin zaɓe, in ya hau ko wayarka ba ya ɗauka.

Inda na yarda da kai guda ne: yaron da ko kabu-kabu bai mallaka ba, shi ma wai maƙiya sun sa shi gaba. Wa ya san da kai? Turo mini waccan waƙar da kake magana in ji ko irin tasu ce.