Amsa ga ƙanena kan ɗan kifin da ya gani a hoto

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce hoton da matata ta ɗora a WhatsApp ya sa duk gida dariya a Damagaram, faranti ya kai faifai, a tsakiyarsa ɗan yankan kifi da ganye biyu, har Inna tana tambaya ko yunwa ake yi a Paris.

Mu Hausawan nan ba kullum muke shiga irin wannan babban gidan cin abinci ba. Tukunyarmu tana gida, kuɓewa da busasshen kifi kuma a kasuwar Château Rouge muke saye. Sai wani abu ya taso, ko yaro ya gama jami'a, ko shugabanka na aiki ya gayyace ka. Ranar nan ɗiyarka ce ta samu aiki.

Abin da ka gani kashi ɗaya ne cikin shida. Kaɗan-kaɗan suke kawowa, a ɗauke wannan a ajiye wancan, sai ka yi awa 3 kana zaune ba wanda ya ce tashi. Su Faransawa zaman ne abin, har UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka wannan al'adar cin nasu cikin gadon duniya a 2010. Wuri kuwa tun kwanaki kafin ranar ake kamawa, kuma ba a fara abincin dare sai wajen bakwai da rabi. Shi ya sa na fi son hunturu, mun yi magariba da lisha kafin mu fita. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan goma na dare.

Inda muke buɗe ido shi ne halal. Nama dai yawancinmu ba ma taɓawa, kifi muke nema. Amma kifin ma sai ka tambaya, domin miyar man shanun da suke zubawa a kai, wadda suke kira beurre blanc, da farar giya ake haɗa ta. Ganye ma sukan watsa masa ƙananan yankan naman alade, ga kayan zaƙi irin baba au rhum da barasa a jiƙe. Da fari kunyar tambaya nake ji, yanzu tun a waya nake faɗa, kuma gaskiya suna kiyayewa. Akwai wanda aikinsa ke nan kawai, zaɓar wa mutane giya. Ka ce masa a'a sau ɗaya, ya kwashe kofunansa. Ruwan famfo da burodi kyauta ne.

Taurarin da ka ji ana faɗa, kamfanin taya na Michelin ne ke ba gidajen cin abincin da suka yi fice tun 1926, uku ne ƙololuwa. Namu na tauraro ɗaya ne, ya kuma ci mana kusan yuro 100 kowane mutum, wato jaka 65 da ɗoriya. Kada ka gaya wa Inna.

Wajen biya ne Faransawa ba su gane mana ba. Su abokai sukan raba kuɗin, kowa ya biya nasa. Mu wanda ya gayyata shi ke biya, wani ma ya zame kamar zai je wanke hannu ya je ya biya a ɓoye. Ladan masu hidima yana cikin lissafi, in ka ƙara wani abu alherinka ne.

Ka kuma tambaya ko an ƙoshi. An ƙoshi, ba ƙarya. Amma da muka dawo gida sha ɗaya ta wuce, sai na ji matata tana buɗe firji, ta ce ko a ɗumama tuwon jiya. Ban ce a'a ba.