Shin in bar ma'aikatana su ɗauko duk laburaren da suka ga dama?

Tambaya: Ina da ƙaramin kamfani, mutum shida ke rubuta mana manhajar lissafin haja da muke sayarwa. Wani babban kamfani na son saye, amma sun ce sai mun kawo jerin duk laburaren da ke cikinta, mu kuma sa hannu cewa babu mai lasisin GPL, wani nau'in sharaɗin amfani da kod. Shugaban ma'aikatana ya ce mu kafa dokar da za ta taƙaita abin da ake ɗaukowa, sauran suka ce jinkiri kawai za ta jawo. Maganar wa zan bi?

Amsa: Malam, ka bi shawarar shugaban nasu, amma da sharaɗin dokar ta zama gajera, kuma kwamfuta ce za ta riƙa tsare ta, ba tunatarwar baki ba.

Kowane laburare kod ne da wani ya rubuta, kuma da sharaɗinsa yake zuwa. Ranar da ka sayar da manhajar, kai ne ka ɗauki nauyin wannan sharaɗi, ba ma'aikacin da ya sauko da shi ba. Abin da ya sa mai saye yake tambaya ke nan.

Ka fara da ƙidaya, domin abin da ke cikin manhajar ya fi abin da ma'aikata suka sani. Laburare ɗaya yakan jawo wasu, su ma su jawo nasu, har guda ashirin da aka zaɓa da hannu su zama ɗaruruwa. Idan da JavaScript kuke aiki, umarnin npm ls --all zai nuna su duka. A Java akwai mvn dependency:tree. A Python kuma pip-licenses zai jero su da lasisinsu. A fitar da jerin a tsarin SPDX ko CycloneDX, wato tsare-tsaren rubuta irin wannan jeri, su ne manyan kamfanoni suka saba karɓa.

Daga nan sai a kasa su uku. Kashi na farko su ne MIT, BSD da Apache 2.0: a yi amfani da su ba tare da neman izini ba, illa dai a bar sanarwar haƙƙin mallaka da rubutun lasisin a cikin abin da aka miƙa wa mai saye. Wannan ɗan sharaɗin ne aka fi mantawa da shi. Kashi na biyu LGPL da MPL 2.0, waɗanda sai an duba yadda aka haɗa su. A MPL, fayilolin laburaren da kuka gyara ne kawai za ku buɗe, wato ku ba da kod ɗinsu. A LGPL kuma dole mai amfani ya iya sauya laburaren da wata sigar tasa. Kashi na uku su ne GPL, AGPL, da duk kod ɗin da ba shi da lasisi sam; su ne dokar za ta hana.

A kan GPL ne mutane suka fi ruɗewa. Bai hana ka sayarwa ba. Abin da ya ce shi ne, in ka haɗa shi cikin manhajarka ka miƙa wa wani, to shi ma yana da haƙƙin samun kod ɗin gaba ɗaya, ya gyara, ya raba. Ga mai rayuwa da sayar da lasisi, wannan babbar asara ce. In a sabarka (babbar kwamfutarka da ke kan intanet) kaɗai manhajar take gudana, jama'a na shiga ta intanet, GPL bai tilasta maka buɗewa ba. Wannan giɓin ne AGPL na 2007 ya zo ya toshe, shi ya sa Google ya hana amfani da shi a cikin ayyukansa. Shi kuwa kod marar lasisi, ganinsa a fili a GitHub, shafin da ake ajiye kod, ba izini ba ne; mai shi bai ba ka komai ba. Inda aka samu shakka, a kai wa lauyan da ya san haƙƙin mallaka kafin ka sa hannu.

Lasisi ma yakan canja. MongoDB ya sauya nasa a 2018, Terraform a 2023, Redis a 2024. Don haka bincike sau ɗaya bai wadatar ba, sai a duk lokacin da aka ɗaga siga, wato aka koma sabon fitowar laburaren.

Sai batun tsaro, wanda ni a ganina ya fi lasisi saurin cin kuɗi. A watan Maris 2016 marubucin left-pad, kod mai layi 11 kacal, ya janye shi daga npm, rumbun laburaren JavaScript, ayyuka masu ɗimbin yawa suka kasa haɗuwa. A 2018 mai laburaren event-stream ya miƙa shi ga wani baƙo, shi kuma ya cusa kod na satar Bitcoin. A Disamba 2021 da ɓarakar tsaro ta bayyana a Log4j, wani laburaren Java, kamfanoni da dama sun ɓata kwanaki suna neman sanin ko ma suna da shi, saboda wani laburaren ne ya jawo musu shi a ɓoye.

Yadda za a ɗaure dokar ba shi da wuya. A kulle sigogi a fayil irin package-lock.json, a riƙa girkawa da npm ci domin kowa ya samu abu ɗaya. A kafa rumbun laburare na cikin gida da manhaja irin Nexus, Artifactory ko Verdaccio, komai ya bi ta nan. Ko an janye abu daga waje, kuna da naku kwafin. A sa mai bincike, wato kayan aikin da ke duba laburare da kansa, a matakin haɗa manhaja, ya tsayar da aiki da zarar ya ga abin da aka hana: Maven Enforcer na yin haka a Java, cargo-deny a Rust. In kuna ba wa wasu kwangila, ku rubuta dokar cikin yarjejeniya, kuma kada a biya kason ƙarshe sai sun kawo jerin.

Su ma masu ƙorafin jinkiri suna da gaskiyarsu. Idan neman izini na ɗaukar mako biyu, ma'aikaci zai kwafo kod ɗin ya manna cikin naku, inda mai binciken ba zai ƙara ganinsa ba, ko ya zauna ya rubuta nasa tsarin ɓoye bayanai, wanda ya fi kowanne haɗari. Ka naɗa mutum ɗaya da mataimaki, su ba da amsa cikin kwana biyu na aiki. Su duba lasisi, yaushe aka sabunta laburaren, mutum nawa ke kula da shi, guda nawa yake jawowa, da kuma ko abin da kuke da shi zai iya yin aikin.

Kuma kulle siga ba ya nufin a manta da ita. An fitar da gyaran ɓarakar laburaren Apache Struts a Maris 2017, kamfanin Equifax na Amurka, mai tara bayanan bashin jama'a, bai saka ba, aka shiga ta nan aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. Ku kunna Dependabot, mai sanar da ku laburaren da ke bukatar sabuntawa, ko makamancinsa, ku ware rana ɗaya kowane wata don sabuntawa, gyaran gaggawa kuma kada ya jira wannan ranar.

Game da mai sayen nan, kada ka sa hannu sai ƙidayar ta fito. In an tarar da GPL, ka nemi a ba ka lokaci ku maye gurbinsa, ko ka tambayi mai laburaren ko yana sayar da lasisin kasuwanci, kamar yadda masu Qt da MySQL suke yi.