Amsa ga mai tambaya kan rubutun da ke dushewa a talabijin

Ɗan uwa, ka ce rubutun tallarka yana fita tas a kwamfuta, amma da tasha ta sa shi sai ya yi dishi-dishi, ƙananan layuka suna rawa, har mai tallar ya ce ba zai biya cikon kuɗi ba. Wallahi na ji zafin nan a raina, don babu wanda ya daɗe a aikin nan a Jos bai sha shi ba.

Kafin komai, tambayi tashar a wane tsari suke watsawa. Tun 2016 aka fara komawa dijital a nan Jos, amma dijital ba shi ne HD, wato hoto mai kaifi sosai, ba. Tashoshi da yawa za su karɓi hoto mai fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 1920x1080 daga hannunka, su matse shi zuwa 720x576 kafin ya isa gidajen mutane. Wato kusan rabi a tsaye. Layin da ka zana da kaurin fiksel 2 ya koma fiksel 1 ke nan, kuma a nan rawar take farawa. Hoton talabijin ɗinmu firem 25 ne a daƙiƙa, wato hotuna 25 a jere, kowane firem an raba shi gida biyu, layukan mara su fito, sannan na cika su biyo. Siririn layin da ya faɗa a gida ɗaya kaɗai zai riƙa bayyana yana ɓacewa sau 25 a daƙiƙa, ido ya gan shi yana makyarkyata. Don haka duk layin kwance kada ya gaza fiksel 4 a 1080, haruffa kuma kada su yi ƙasa da fiksel 40. Ka rabu da siraran haruffa masu ƙafafu irin Times, ɗauki masu jiki. In dole ne sai tambarin kamfani mai siririn layi ya shiga, sa masa ɗan dushewa na tsaye kaɗai, rabin fiksel zuwa ɗaya. A manhajar tace bidiyo ta Premiere akwai Anti-flicker Filter a ƙarƙashin Motion. Zai yi maka kamar ka rage kaifi a kwamfuta, amma a talabijin zai tsaya cak.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa, ba laifinmu ba ne ma. Ka kwana kana renda, wato fitar da bidiyon daga manhaja, ga wuta tana ɗaukewa, ga janareta yana shan mai, ka fitar da fayil ɗin bidiyo na ProRes 422 mai tsabta, sai wani a ofishin talla ya ce fayil ya yi nauyi, ya tura shi ta WhatsApp a matsayin bidiyo. WhatsApp ya matse shi, ya rage girmansa, wani ya sauke ya sake juya shi a wata manhajar kyauta, sannan a sa a iska. Gefen haruffa duk ya yi ƙura kamar an shafa da rigar hannu. Mai talla ba zai kira su ba, kai zai kira, a gaban yaranka na shago ya ce maka ba ka iya aiki ba. Su kuma su ce haka ka kawo. Ba za su taɓa amsawa ba, ko ka ajiye musu fayil biyun gefe da gefe. Kai aikinka da ƙafarka a filasha, ka tsaya har a kwafa a gabanka, ka ga girman fayil ya yi daidai da naka. In tura shi ya zama dole, a tura a matsayin Document ko ta Google Drive.

Sai abin da ke wajenka. Duba ko Full ka sa a allon dubawa kuma girman yana kan 100%, don a Half ko Fit ba ka ganin gaskiyar aikin. Rubutun da ka yi a Photoshop ko Canva ka shigo da shi a PNG, da ka ja shi ya wuce 100% ya lalace. Buga shi kai tsaye a After Effects. In daga Illustrator ya zo, ko yana cikin wani kwamf (composition, filin haɗa aiki a After Effects) da ka ƙara wa girma, kunna maɓallin nan mai siffar rana a kan leyar. Ka kuma leƙa Position: in rubutu ya tsaya a 540.5, manhajar tana raba gefensa tsakanin fiksel biyu, shi ne laushin da kake gani. Mayar da shi cikakkiyar lamba. Sunayen ƙarshe masu hawa sama ma haka, su yi tafiyar fiksel 4 ko 8 a firem, ba 4.3 ba.

Kwamf ɗinka ya zama firem 25 a daƙiƙa, ba 30 ko 29.97 da ke zuwa da tamfuletin Amurka ba. In sun ce 1080i suke so, wato mai firem raba gida biyu ɗin nan, Upper Field First ne, gidan sama ke fara fitowa. Ka juya shi, duk abin da ke motsi zai riƙa tsalle baya-baya.

Launi fa? Jan rubutu a kan shuɗi ko baƙi, bar shi ko da mai talla ya nace. Abin da ke zuwa gidajen mutane tsarin 4:2:0 ne, wato bayanin launi kashi ɗaya cikin huɗu ne na bayanin haske, don haka gefen ja yake zuba. Kaifi daga bambancin haske yake fitowa: fari ko rawaya a kan duhu, da ɗan allo mai duhu a baya. Farin kada ya haura 235 a ma'aunin haske na 0 zuwa 255. In kuma ka fitar da sandar suna da alfa (abin da ke barin a ga hoton da ke bayanta) ka ga baƙin zare kewaye da haruffa, saitin alfa na Straight da Premultiplied ne suka saɓa, gyara a Interpret Footage.

Af, ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin font ɗin da muke saukewa ba su da su, sai ka ga akwati a wurin, ko harafi ɗaya ya fito siriri a tsakiyar kalma don an aro shi daga wani font. Noto Sans yana da su duka, kyauta ne. Ina roƙonku mu daina rubuta Hausa ba lanƙwasa a talabijin.

Bar aƙalla kashi 5 cikin 100 a kowane gefe, na fi son 10 saboda tsoffin akwatuna da ke yanke baki. Kafin ka kai, fitar da kwafi ɗaya a 720x576, sa a ƙaramar talabijin, ja da baya taku shida ka karanta lambar wayar da ke ƙasa. Ka turo mana hoton saitin rendarka da sunan font ɗin, sai mu ga inda matsalar take.